Kifi Lami a Teburin Baba

Inje,
kwana tara bayan Bikin Girbi

Zuwa ga yayata Na-ri,

Yaya, sau nawa mutum zai kira wayar 'yar'uwarsa kafin ya gane ba layi ne ya lalace ba? Kin san ba ni da haƙurin rubutu da hannu, amma takarda ba ta da inda za ki danna ki kashe ta, shi ya sa na zauna.

Bari dai in yi gaisuwa, kada ki ce ko wannan ma ban iya ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yata Da-on. Yaya tarin nata, ya sake ta? Yaya aikin asibiti? Umma tana nan ƙalau, gwiwar ce dai kamar kullum. Ni ma lafiyata lau, idan wanda aka kora daga gidan baffansa da takalmi a hannu zai iya cewa haka.

Kina gidan ranar, amma kina wajen girki tare da mata, kuma na san labarin da ya iso kunnenki ta bakin matar Baffa ya biyo. To ga yadda aka yi a falo. An jera teburin kakanni kamar kowace shekara, busasshen kifi a gefen hagu, 'ya'yan itace a gaba, hoton Baba kusa da na iyayensa. Muka durƙusa muka sa goshi a ƙasa, aka zuba giyar shinkafa, aka juya baya aka ba su lokaci su ci. Da aka sauke tebur muka zauna cin abin da suka rage mana, Baffa ya yagi kifin ya yi ta tauna, sannan ya ce wannan kifi ai lami ne, wa ya sayo shi? Can sai Sang-pil, ɗan nasa mai digiri biyu da bai taɓa sanin inda kwandon shara yake ba sai ranar, ya tafi zubar da ɓawon tuffa, ya dawo riƙe da leda da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera. Ledata ce, da tambarin sawun kare a jiki, da rubutun da na yi da kaina cewa na karnuka da kyanwoyi ne.

Baffa bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ya ajiye ragowar kifin ya ce, "Zuri'ar Pyo ta sa goshinta a ƙasa a gaban abincin kare."

Na sani da na yi shiru. Ke ma za ki faɗa, Umma ta riga ki. Amma cewa na yi kifin nan ya fi duk wanda ya taɓa saye a kasuwa tsafta, kuma ai ya cinye rabi kafin ya gane, ban ga wutsiya ta fito masa ba. Wani daga cikin surukai ya ƙyalƙyale da dariya ya mai da ita tari. Sauran kin ji da kunnenki, tunda har maƙwabta sun ji.

Hukuncin da ya biyo ni gida jiya shi ne abin da ya sa ni rubutu. Ranar tunawa da Baba, a wata na goma sha ɗaya, ba ni zan zuba masa kofin giya na farko ba, Sang-pil ne. Sai idan na durƙusa a gaban dangi na nemi gafara, na kuma rufe rumfata. Yaya, ni kaɗai ne ɗa namiji da Baba ya bari. Da ma don ban yi aure ba Baffa ya ce a gidansa za a riƙa yi wa Baba hidima, na haɗiye. Yanzu kofin ma za a miƙa wa wanda ya zo jana'iza da waya a kunne.

Ba ki taɓa shiga rumfar nan ba, bari in gaya miki abin da ake so in rufe. Tsohon ɗakin kayan aikin Baba ne na share, na sa tayil da hannuna, na jira wata huɗu kafin ofishin gunduma ya zo ya duba ya ba ni takardar izini. Ina karɓo fasassun kifi daga wajen Tsoho Maeng mai rumfunan shanya kifi, waɗanda iska ta kayar ko hankaka ya tsattsaga, waɗanda ba sa shiga kwalin kyauta. Ina jiƙa su a ruwan sanyi, in zubar, in sake, har sau uku, sai gishiri ya fita sarai, don ƙodar kare ba ta ɗaukar gishiri. Sannan in zauna da hantsaki in zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Wasu in naɗe su da kabewa, wasu da dankali mai zaƙi, wasu in bar su gudansu, in sa a injin busarwa. Ba wanda ya koya mini. A ɗakin karatu na gari na samo littattafai, ni da kuka ce na ɓata rayuwata da na bar makaranta. Shekara biyar ina hawa benaye a Seoul da kayan mutane a kafaɗa, ba wanda ya ce na kunyata zuri'a. Sai da na dawo kusa da Umma na kama sana'ar kaina.

To ga gaskiya, kuma na rantse da kabarin Baba: ba ni na ɗora kifin nan ba. Kwalayen kayan rumfar suna bayan motata, na shirya su ne don in kai gidan waya bayan hutu. Makullin yana kan akwatin takalma a bakin ƙofa. Wani ya ɗauka, ya buɗe mota, ya buɗe kwali. Mata ne suka jera tebur. Kina cikinsu. Wa kika gani?

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan Da-on. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Ƙaninki,
Mu-yeol


Inje,
tsakiyar wata na goma

Zuwa ga yayata Na-ri,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan sanyi bai fara takura muku ba. Nan dutse ya riga ya yi fari a kai, Umma ta fito da barguna. Na ji Da-on ta warke, na yi murna.

Saƙonki ya iso, na gode. Na ce layi biyu, kin yi mini rowa kin aiko ɗaya: in ba da haƙuri kawai, durƙuso ba ya karya gwiwa. Na karanta shi a tsaye, na karanta shi a zaune, ban ga amsar tambayata a ciki ba. Ke da kika iya rubuta wa malamin makarantarmu shafi uku saboda ya dake ni ba laifi, yau ke ce mai cewa in amsa abin da ban yi ba.

Bari ki ji yadda garinku ya koma. Kin san a nan in mutum ya yi atishawa a bakin gada, kafin ya kai tashar mota an ce ya kwanta asibiti. Matan da ke sayar da ganye a kasuwar da ke ci duk bayan kwana biyar, da na wuce sai su ce ga mai abincin karnuka nan, yau me aka dafa wa masu gida? Ɗaya ta ce in taimaka in aiko wa mijinta leda guda, ko zai koyi dawowa gida in an kira shi. Wannan na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma makon jiya na je wajen Tsoho Maeng karɓar kifi, ya tsaya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba, ya ce bana fasassun sun yi ƙaranci. Buhunan suna jibge a bayansa, Yaya, ina ganinsu. Na ce masa ko dai idona ne ya fara ganin abin da babu? Ya ce shi da Baffa ajinsu ɗaya tun firamare, kuma shi mutum ne mai son a binne shi a garin nan lafiya. Shekara ashirin da shida Baba yana hawa katakon mutumin nan cikin ƙanƙara yana rataye masa kifi. Na faɗa masa haka, da wasu kalmomin da ba zan sa a takarda ba. Yanzu sai na tuƙa har bakin teku kafin in samu kifi, kuma bai kai nasa kyau ba.

Abin da ya hana ni cinna wa rumfar wuta da kaina wata mata ce a Seoul, ban taɓa ganinta ba. Tana da tsohon kare mai shekara goma sha shida, Dubu sunansa, haƙora sun zube, ya daina cin komai. Ta rubuto cewa tana jiƙa masa kifina a ruwan ɗumi, shi kaɗai yake karɓa, har yana lasar kwanon. Ta ce ba ta da kowa a gidan sai shi. Baffa zai ce wannan hauka ce ta mutanen birni, a zamaninsu kare ragowar miya yake sha a ɗaure a gindin bishiya. Wataƙila. Amma ni ban taɓa yin wani aiki da wani ya rubuto ya ce na gode ba sai wannan.

Na koma ɗakin karatu na ɗauko tsofaffin littattafan ladubban hidimar kakanni, irin waɗanda Baffa ke rantsuwa da su bai taɓa buɗewa ba. Kwana shida ina fama da su da ƙamus a gefe. Ban ga inda aka ce a duba ledar da abinci ya fito daga ciki ba. Abin da na fi gani shi ne a kawo da zuciya ɗaya, gwargwadon abin da gida ke da shi. Na kwafe wurin na aika wa Baffa. Sang-pil ya dawo mini da takardar, ba a ko buɗe ta ba, ya ce babansa ya ce ba ya karɓar darasi daga wanda bai gama sakandare ba.

Sai na yi wani abin da na san za ki yi fushi. Na daɗe ina zargin matar Baffa. Na ce ta manta ba ta sayi kifi ba, ta ga mota ta ga makulli, ta rufa wa kanta asiri da nawa. Ranar da mata suka taru a gidansu haɗa kimchi, tsumammen kabejin hunturu, na kai Umma, na tsaya a tsakar gida na tambaye ta a gaban kowa. Hannunta ja wur da barkono, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita kifinta ta saya tun saura mako, kuma da safen bikin ta tarar da shi an mayar cikin kabad. Ta ce in ina neman mai gani, in tambayi yayata, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa tana tare hanya kamar mai gadin banki.

Ban yarda da matar nan ko a kan farashin albasa ba. Amma ta faɗa ba ta ƙifta ido ba, kuma Umma, da ke tsugune a gefen baho, ba ta ɗago kai ba. A mota ma ba ta yi mini faɗa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Tun ranar kullum sai ta shigo rumfa ta ja kujera ta ɗauki hantsaki tana taya ni zare ƙaya.

Me kika tsaya tarewa a bakin ƙofa, Yaya? In ke ce kika yi kuskure, ki faɗa mini, ba zan ci ki ba. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Umma tana gaishe ki. Ki gaida mutanen gidan.

Ƙaninki,
Mu-yeol


Inje,
saura kwana takwas

Zuwa ga yayata Na-ri,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ƙanƙara ta sauka sosai, an fara rataye kifin bana. In za ku taho ku sa wa mota sarƙa a taya, hanyar dutse ta yi santsi.

Ba sai kin amsa wasiƙata ta baya ba. Na sani yanzu. Kuma ina ba ki haƙuri a kan abin da na yi ta raya miki a zuci, wanda ya fi abin da na rubuta muni.

Shekaranjiya da rana muna rumfa ni da Umma, na gaya mata na yanke shawara. Na ce zan je in durƙusa, in rufe rumfar har bayan hidima, daga baya a ga abin da zai yiwu, don ba zan iya tsayawa ina kallon Sang-pil yana zuba wa Baba giya ba. Na ɗauka za ta ji daɗi. Sai ta ajiye hantsakin, ta goge hannu a jikin siket, ta ce ita ce.

Na yi zaton kuskure ne, ido ya tsufa, leda ta yi kama da leda. Har na fara cewa ba komai. Ta ce in rufe mata baki, ta iya karatu tun kafin a haife ni, ta ga sawun karen sarai. Sannan ta ce:

"Ubanka ba ya iya cin nasu. Sau huɗu ana jera masa teburin nan ina kallo, komai gishiri, komai tauri, yana tashi da yunwa. Naka ne kaɗai ba gishiri ba ƙaya."

Yaya, ban sani ba. Na san yana da ciwon ƙoda, na san ke kike zuwa kai shi wankin jini. Amma ban san shekara uku likita ya hana shi gishiri ko na taɓawa da harshe ba. Ban san Umma tana wanke masa kimchi a ruwa har ya yi fari kafin ta yanka masa ƙanana ba. Ban san an cire masa haƙoran ƙasa ba, har wata rana ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya ya kwana biyu bai haɗiyi komai ba. Ina Seoul ina hawa bene, ina zuwa sau biyu a shekara da kwalin nama mai gishiri a hannu, yana karɓa yana cewa ɗansa ya zama mutum. Ashe maƙwabta ake ba. Wata goma sha huɗu ina zaune ina cire wa karnukan mutanen da ban sani ba gishiri da ƙaya, ina alfahari na san abin da ƙodar kare ba ta so, ban taɓa tambayar abin da ubana ya ci ba. Na fita bayan rumfa na daɗe a tsaye cikin sanyi.

Na gane abin da kika tare a bakin ƙofa. Matar Baffa ta daɗe tana yaɗa cewa Umma ta fara rikicewa, tun ranar da ta manta tukunya a wuta. In aka ji ita ta ɗora, ba mai tsayawa ya ji dalili. Za su ce tsufa ne, su yi mata murmushin tausayi, su zaunar da ita a kusurwa da bargo a gwiwa. Shekara talatin da huɗu tana girki a gidan Baffa duk ranar hidima, kuma yanzu nan ne kaɗai ya rage mata da take dafa wa mijinta abinci. Kin zaɓi a zage ni a kan a cire ta. Da ni ne a bakin ƙofar, da haka zan yi. Abin da ban yafe miki ba tukuna shi ne da kika bar ni wata biyu ina cizon mutanen da ba su yi mini komai ba.

Umma ta ce za ta faɗa musu da bakinta. Na ce in ta yi haka zan koma Seoul ba za ta sake ganina ba. Ƙarya nake yi, ta kuma sani, amma ta fasa.

Ga abin da zan yi, kuma kada ki ɓata tawada wajen hana ni. Zan zo ranar da yamma cikin baƙar kwat ɗin Baba. Zan tsaya a gaban dangi in ce ni na ɗora kifin, da sanina, da hannuna. Wannan ƙaryar zan ɗauke ta har in mutu. Amma ba zan durƙusa ba, tunda durƙuso yana nufin abin da Umma ta yi laifi ne, kuma ba zan rufe rumfa ba. Na san abin da hakan zai jawo. Sang-pil zai ɗauki kofin, ni kuma wataƙila daga tsakar gida zan yi wa Baba gaisuwa, goshina a kan ƙanƙara. Na kwana biyu ina juya abin, ban samu wata hanyar da Umma za ta tsira da wurinta ni ma in tsira da nawa ba. Ɗaya ne zai samu.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki tsaya a falo, kada ki shige wajen girki. Kafin a kore ni zan yi wa Baffa tambaya, kuma ke kaɗai ce a ɗakin za ki iya cewa ya faɗi daidai ko bai faɗa ba. Gidansa da namu tafiyar minti goma ce a ƙafa. Shi ne babba, shi ne mai tebur, shi ya san inda ake ajiye kifi da inda ake ajiye tuffa. Ni na faɗi wannan jarrabawa, zan kuma faɗa a gaban kowa cewa na faɗi. Shi ma sai ya zauna ta.

Ki gaida maigidan da Da-on, ki ce kawunta ya ajiye mata dankali gasasshe, na mutane. Ku taho lafiya.

In kin ga dama ki gaya wa Baffa tun yanzu, ya samu kwana takwas na shiri. Ba a waya zai amsa ba, ba ta bakin ɗansa ba. Ya miƙe a gaban hoton ƙaninsa, a gaban zuri'ar Pyo gaba ɗaya, ya faɗa da ƙarfi yadda na tsakar gida ma zai ji: a shekaru ukun ƙarshe na rayuwarsa, me Baba yake iya ci?

Ƙaninki,
Mu-yeol